Ranar da Zaharaddini Ya Ƙaryata Sayfon

Wata huɗu kacal Zaharaddini ya yi yana jan a-daidaita-sahu a ƙofar jami'a a Kano, amma da ya dawo ƙauyensu da ke tsakanin Kura da Bunkure, sai ka rantse shi ya gina jami'ar. Ya dawo da tabarau mai farin gilashi, da biro uku a aljihun gaba, da kuma wata kalma da ya tsinta a bakin ɗaliban da ke musu a kujerar baya. Kalmar ita ce falsafa.

Uwarsa, Inna Ummukulsum, da farko ta ɗauka sunan yarinya ne. Har ta ji sanyi a ranta, ta ce to alhamdulillahi, ya samu wadda yake so. Sai da ta tambayi 'yar gidan wa ce, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Inna, ba mace ba ce. Ilimin tunani ne, shi ne uban duk wani ilimi. Wanda ya iya shi, ko tuwo ya tuƙa sai ya fi na kowa."

"Ka taɓa tuƙa tuwon?"

"Ai ba sai na tuƙa ba, daɗin abin ke nan. Magana uku ake jerawa. Ka kawo ta ɗaya, ka kawo ta biyu, ta ukun da kanta take fitowa. Bari ki gani. Duk mai fukafuki yana tashi sama. Kaza tana da fukafuki. Saboda haka..."

Kafin Inna ta ajiye muciya ya cafke kazarta mai ƙwai, ya haye soro da ita ya cilla. Kazar ta sauka cikin ƙwaryar kamun maƙwabciya, ta fito fara fat, ta yi kwana tara ba ta saka ƙwai ba. Shi kuwa ya ce hujjarsa tana nan daram, kazar ce ba ta da tarbiyya. Tun daga ranar 'yan majalisar mai shayi suka raɗa masa Malam Saboda-Haka, yana amsawa kuma da fara'a, don a ganinsa girmamawa ce.

Inna dai ba ta kiransa da wannan, ba ta kuma kiransa da na yanka. Ɗanta ne na fari, shekara ashirin da bakwai kunya ba ta bar ta ta kama sunansa ba. In yana kusa "kai" ne, in ba ya nan "wancan yaron".

To a wannan ranin abin da ke hana ta barci shi ne tumatirinta. Kwatar eka ce marigayi maigidanta ya bar mata a gefen ƙaramin kanal, da ita take ci, da ita take fita kunyar biki da suna. Kwana biyar ke nan da yin dashe. Layin ruwansu kuwa ranar Talata ne, in ya wuce ka sai wata Talatar, kuma dashen kwana biyar ba ya jiran mako guda a zafin nan. Ana gobe Talata ƙaninta mai yi mata ban ruwa ya tafi suna Madobi. Ita ga ciwon gwiwa, ba ta iya durƙuso a bakin kanal. Ta duba gabas ta duba yamma, babu kowa a gidan sai mai biro uku.

Da sassafe ta ɗauko sayfon huɗu ta miƙa masa. Sayfon ba wani abu ba ne illa lanƙwasasshen bututun roba. Kanal yana bisa tudu, gonaki suna ƙasa. Ka nutsa bututun cikin ruwa ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka fizgo shi ya haye bakin kanal, ka saki. Shi ke nan, ruwa ya yi ta zuba a gonarka.

"Ka tada su duka huɗun, ka samu wuri ka zauna," in ji Inna. "Don Allah, don Annabi, kada ka yi tunani."

"Inna, yau za ki ga amfanin ilimi. Abin da kawu yake yi a wuni, ni kafin hantsi na gama."

Wannan maganar ce ta sa ta jawo mayafi da sanda ta bi shi.

Sun iske bakin kanal a cike, kowa yana kan nasa. Inna ta zauna a gindin mangwaro. Zaharaddini ya naɗe hannun riga, ya nutsa bututu, ya toshe, ya fizgo. Sai ya ga mutane suna kallonsa, nan take ya ɗaga hannun da ya toshe da shi don ya yi musu bayani. Bututun ya yi ƙugi, ya tofar da ruwa cikin cokali, ya yi shiru.

"Ka riƙe bakin!" in ji Inna.

"Na riƙe."

"Na bututun nake nufi. Naka ma ka riƙe."

Ya sake, ya kuma sake. Duk sanda ya zo saki sai wata magana ta taso masa, hannu ya tashi, iska ta shige. A karo na huɗu ya tsotsa da baki, ya haɗiye wani abu da har yau bai faɗi ko mene ne ba.

Paulina ta taso daga kududdufin kifinta, wanda ke ƙasa da gonar Inna kaɗan. 'Yar Filato ce, shekararta goma sha biyu tana kiwon tarwaɗa a wurin, kowa Maman Jerry yake ce mata.

"Malam Saboda-Haka, kawo in tada maka. Minti ɗaya ne."

"Maman Jerry, tsaya. Kin taɓa tambayar kanki me ya sa ruwa yake bin wannan abin?"

"Ban taɓa ba. Yana bi, ina godiya."

"Kin gani? Matsalar ƙasar nan ke nan." Ya haye bakin kanal, ya gyara tabarau, ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji. "Jama'a, ku saurara! Ruwa ba ya hawa tudu, ɗaya ke nan. Bakin kanal ɗin nan tudu ne, biyu ke nan. Saboda haka ruwa ba zai taɓa haye shi ba. Sayfon ƙarya ne! Shekara da shekaru ana yaudararku!"

A daidai lokacin sayfon ya fi talatin suna zuba a dama da hagunsa. Wani manomi ya nuna masa nasa da yatsa.

"To wannan fa, ranka ya daɗe?"

"Wannan sabo ne kawai. Ruwan ya saba, bai san ya saɓa wa hankali ba."

Aka kwashe da dariya. Inna ba ta yi ba, don ita idonta yana kan rana, wadda ta fara ɗagawa, da kan dashenta da ya fara laushi.

"Kai, ba Maman Jerry ta tada mana."

"Inna, ba zan bari a shayar da gonar mahaifina da ƙarya ba. Ki ba ni minti goma."

Ya tattara sayfon huɗun a hammata, wai kada a ci gaba da ɓatar da jama'a, ya nufi cikin gari da sauri. Inna ta miƙe. Ta dogara sanda ta tsallaka 'yar gada zuwa ɗaya gefen, wajen get ɗin da ake buɗe ruwa, inda Dattijo yake tsaye. Shi ne shugaban ƙungiyar masu ban ruwa na layin, mutum mai albasa da yawa da magana kaɗan. Ta gaishe shi, ta roƙe shi aron sayfon ko biyu ne.

Dattijo yana cikin kwance mata su daga bayan kekensa ta waiwaya. Can ta hango ɗanta a kan bakin kanal, daidai saitin gonarta, ya tuɓe riga, yana tofa yawu a tafin hannu. A gabansa diga ce.

"Kai!" ta ƙwala. "Kai!"

Manoma bakwai suka waiwayo. Wani mai babur da ke wucewa ya taka birki. Zaharaddini bai ko motsa ba.

"Kai wancan! Kai nake nufi!"

"Wa kike kira, Inna Ummu?" in ji Dattijo.

"Wancan!"

"Wanne a ciki? Ai sun fi ashirin."

Diga ta tashi sama. Inna ta buɗe baki, sunan ya zo har kan harshenta, ta ji duk idon maza a kanta.

"Za... Za... Za a yi ɓarna!"

Aka kuwa yi. Sara uku ya yi, ruwa ya leƙo ta 'yar kafa kamar bakin buta. Zaharaddini ya juyo yana murmushi, ya buɗe hannuwa.

"Kun gani? Hanya miƙaƙƙiya! Ba tsotso, ba..."

Bai ƙarasa ba ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta hagu ta tafi. Bakin buta ya zama bakin tulu, bakin tulu ya zama ƙofar ɗaki. Duk sayfon da ke layin suka yi ƙugi a tare suka ƙafe, don ruwan kanal ɗin gaba ɗaya ya samu inda ya fi.

Inna ta riƙe ƙirji tana jiran ta ga dashenta ya tafi da ruwa. Sai ta ga abin da ya fi haka ciwo. Ruwan ya zo bakin gonarta, ya iske kunyar da aka tada a gefe ta fi hanya tudu, ya kauce abinsa. Ko kwamin dashe ɗaya bai jiƙa ba. Ya bi hanyar ƙafa a guje, ya gangara ya faɗa kududdufin Paulina.

"Yesu! Kifina!"

Kududdufi ya cika ya tumbatsa. Tarwaɗa da suka yi wata biyar suna cin abinci a wuri ɗaya suka ga duniya ta buɗe, suka bi ruwa suka bazu cikin albasar Dattijo, wadda saura mako uku a cire.

Dattijo ya saki keke. Tunda ake da shi ba a taɓa ganin gudunsa ba sai ranar. Ya kama ƙarfen get yana murzawa yana salati, amma kafin ruwan da ya riga ya wuce ya ƙare ai da saura.

"Kada kowa ya firgita!" Zaharaddini ke ihu daga bakin ɓarakar. "Duk rami ana toshe shi da abin da ya fi shi faɗi! Ni na fi shi faɗi! Saboda haka..."

Ya juya baya ya zauna a ciki. Ruwa ya dakata kamar yana shawara, sannan ya ɗauke shi cak. Ya bi hanyar da ruwan ya bi, a zaune, ƙafafu a sama, ya wuce gonar uwarsa, ya ratsa kududdufi, ya tsaya a tsakiyar albasa. Da ya miƙe babu tabarau, babu takalmi ɗaya, wata tarwaɗa kuma tana fafutuka a cikin wandonsa. Rawar da ya taka kafin ta fita ta ƙafar wandon, matan da ke tsinkar tumatir a gonar gaba sun ce ko a biki ba su taɓa ganin irinta ba.

Su ma matan ba su tsaya kallo kawai ba. Suka zubar da kwanduna suka shigo ruwa, kowace tana cafka tana ƙunshewa a zani.

"Ku ajiye!" Paulina tana bin su da bokiti. "Nawa ne! Kowanne na san fuskarsa!"

"Maman Jerry, ai taya ki muke yi!"

"To me ya kai shi cikin zaninki, Murja?"

Sai da rana ta take tsaka ruwan ya tsaya. Jama'a suka taru a bakin ɓarakar, aka tsamo Zaharaddini aka tsayar a tsakiya yana ɗiga. Malam Abdussalam mai Islamiyya, wanda ya tashi ɗalibai ya biyo ta nan a babur, shi ma ya tsaya.

"Ina so kowa ya shaida," in ji Zaharaddini, yana share taɓo a ido, "hujjata ba ta faɗi ba. Ƙasar ce ba ta da ƙwari. Kuma Inna, da kin kira ni da na tsaya."

"Ban kira ka ba? Muryata har ta dushe!"

"Kai kika ce. Kai ba suna ba ne, kowa kai ne."

Inna ta ɗaga sanda, aka rirriƙe ta.

"Jero mana hujjar mu ji," in ji Malam Abdussalam.

Ya jero, har da ɗaga yatsu. Malam ya gyaɗa kai.

"Shekara nawa ka yi kana cin miyar gidanku?"

"Ashirin da bakwai."

"Da me ake shayar da tumatirin miyar?"

"Da... sayfon."

"Ashe da ƙarya aka raine ka, ga ka kuma ƙato." Aka yi dariya. Malam ya ci gaba. "Mu ma mun ɗan taɓa irin karatun nan a zaure, mantiƙi ake ce masa. Abu ne mai amfani ƙwarai. Amma ranar farko aka gaya mana, in lissafinka ya ce babu, idonka kuma yana ganin akwai, lissafin za ka koma ka duba. Ba a ce ka ɗauko diga ba."

"Ta ɗayan dai ta tabbata," in ji Paulina. "Ruwa bai hau tudu ba. Ga gonar Inna can a bushe."

Nan Dattijo ya yanke magana. Sai an cika buhuna da ƙasa an jera, an danne, an bar wurin ya kama. Ba za a sake buɗe get ba sai bayan kwana uku, kuma ranar ba tasu ba ce, ta 'yan layin ƙasa ce.

Inna ta juya ta dubi gonarta. Dashen duk sun sunkuyar da kai, ganye ya lanƙwashe ya kwanta a kan ƙasa mai zafi. Ba kwana uku ba, ko gobe da hantsi ba za su kai ba. Ta tuna yadda ta yi rainon irin a bayan ɗaki, tana rufa masa buhu tana kore kaji. Hawaye ya taho, ta danne shi da bakin mayafi, don ba za ta yi kuka a gaban maza ba bayan ɗanta ya gama yi musu rawa.

A gefenta Dattijo yana magana shi kaɗai. "Albasa ba ta kwana a ruwa. In ya kai magariba a haka, ruɓewa za ta yi."

Inna ta dube shi. Ta dubi albasar, ruwa har ƙauri. Ta sake duban gonarta, taku arba'in a sama.

"Dattijo, ruwan nan da ke cikin gonarka, kana da buƙatarsa?"

"Inna Ummu, zolaya kike yi? Wanda zai raba ni da shi ai ya gama mini komai."

"Maman Jerry, sauran kifinki suna ina?"

"Suna ciki mana. Ba na ganinsu, ruwan ya yi yawa."

"In ya ragu fa?"

"Sai in tsince su kamar gyaɗa."

"To ni kuma ruwa nake nema."

Malam Abdussalam ya fara murmushi, ya cire hula ya sake sawa.

"Zaharaddini, ka ji yadda ake jera magana uku? Inna, a wace jami'a kika yi?"

"Malam, bar ni da abin da ya dame ni. Rana tana yi."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan!" Zaharaddini ya yi tsalle. "Wallahi yana bakina! Tun farko ma shirin ke nan, a tara ruwan a ƙasa, sannan..."

"Madalla," in ji Dattijo. "Tunda shirinka ne, kai za ka ɗauka."

Wani ya ce a ɗauko injin ban ruwa. Paulina ta ce duk wanda ya sa inji ya niƙa mata kifi, sai dai ya niƙa da ita. Sai aka koma kan bokiti. Matan nan masu tsinka suka shiga albasa suna ɗiba, maza suka rabu, wasu kan buhuna, wasu suna fasa wa ragowar ruwan hanya ta ƙasa. Hawan tudun nan na taku arba'in kuwa aka bar wa Malam Saboda-Haka. Paulina ta kawo babban bahon da take wanke kifi, aka yi masa gammo da rigarsa, aka ɗora.

Inna ta tsaya a cikin gona da moɗa, ta manta da gwiwa, tana bin dashe ɗaya bayan ɗaya tana zuba wa kowanne a gindi.

A sawu na farko ya tsaya a tsakiyar tudu zai yi wa masu buhu bayanin kuskuren da suke yi. Hannu ya tashi, baho ya karkace, ya sha wanka. A sawu na uku ya fara "abin lura a nan shi ne," ya sake shan wani. A na biyar Murja ta ce masa in ya ƙara zubarwa, da tarwaɗa a ciki za ta cika masa na gaba. Daga nan ya kama baho da hannu biyu, ya rufe baki gam.

Haka aka yi ta yi. Aka yi azahar aka dawo, aka yi la'asar aka dawo. Kan albasa ya fito, Dattijo ya fara amsa sannu. Paulina ta tsince kifinta, har da wasu biyu da ta ce ba ta san fuskarsu ba amma ta karɓa.

Da rana ta yi sanyi Inna ta kai ƙarshen layi. Ta koma farkon gonar ta duƙa a hankali, ta taɓa ganyen da ta fara shayarwa. Ya yi sanyi, ya miƙe. Na kusa da shi ma haka. Ta bi layin da ido har ƙarshe, ta ga duk sun ɗago kai, in ban da 'yan ƙalilan a gefen hanya. Ta ce alhamdulillahi sau uku a ranta. Gonar ta ƙoshi, ko moɗa ɗaya ba ta ƙara buƙata.

Sai ga shi ya hawo da baho, wuya ya ƙage, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya tsaya a gabanta. Sai a lokacin ta lura tana jin kukan tsuntsaye, tana jin hirar mata can ƙasa, har ƙarar injin casar shinkafa daga bakin titi tana ji. Awa uku cur ɗanta bai ce uffan ba. Rabonta da irin wannan tun kafin ya dawo daga Kano.

Ya motsa leɓe a hankali don kada baho ya karkace.

"Inna, ya isa?"

Ta dubi tumatirinta, ta dube shi.

"Ƙaro goma."